Muhawara kan kalmar “disturbance”: damuwa ce, hargitsi ne, ko tarzoma?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu Turanci a agaza min. Kalmar “disturbance” me take nufi takamaimai? Wani ya ce min damuwa, wani ya ce hargitsi, wani kuma tashin hankali. Ni kuwa a ganina tsakanin damuwa da tashin hankali akwai tafiya mai nisa. Ta yaya kalma guda za ta ɗauki wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa kana barci, ta kuma ɗauki garin da ake ƙone-ƙone?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ta kai a taso manya ba. Duk wanda ya buga miki waya ƙarfe biyun dare ya ce “kina barci ne?”, to kin ga ma'anarta da idonki.

Malamin Turanci:
Auta, ka bari a amsa wa yarinya tukuna. 'Yata, ba wanda ya yi miki ƙarya cikin su ukun, kowa dai gefen da ya gani ya faɗa. Asalin kalmar Latin ne. Akwai “turba”, cincirindon mutane masu hayaniya. Daga ita aka samu “turbare”, a dagula abu ko a birkita shi, sai aka maƙala “dis” a gaba. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci wajen shekarar 1300. Danginta suna nan birjik: “turbulence”, jijjigar da jirgin sama ke yi idan ya faɗa cikin iska mara daɗi, “turbid”, ruwan da ya dagule, har “trouble” da kowa ya sani, tsatsonsu ɗaya.

Idan kina so ta zauna miki a ka, ki tuna kududdufin da ya kwanta, laka tana ƙasa, ruwa ya yi garau a sama, sai aka jefa dutse. Wannan dagulewar ita ce. Kalmar ba ta gaya miki girman dutsen ba, ba ta gaya miki wanda ya jefa ba, ba ta ce da gangan ne ko tsautsayi ba. Abin da take faɗa kawai shi ne akwai wani abu da yake kwance, yanzu an motsa shi. Shi ya sa ta ishi mai ƙwanƙwasa ƙofa, ta kuma ishi masu ƙone-ƙone. Girman abin sai daga sauran jimlar za ki gane shi.

Hajiya Mai Fassara:
Malam ya yi bayani. Abin da zan ƙara, mu ma haka muka yi a namu harshen. “Dama” ai motsa abu ne cikin ruwa har ya gauraya. Daga nan muka ce wane ya dame ni, na damu, ina cikin damuwa, wato zuciyar ce aka dama. Sai dai mu mun tura damuwa cikin ƙirji, su kuwa tasu galibi a waje take, a titi ko a sararin sama ko a gaɓoɓin jiki. Duk mai fassarar da ya ga “disturbance” ya rattaba damuwa ba tare da ya duba gaba da baya ba, sau da yawa zai sha ƙasa. Damuwar zuci “worry” ce a wurinsu, idan ta tsananta kuma “distress”.

Ɗalibar Jarida:
To Malam, idan na shiga ofishin wani yana cikin aiki na ce “sorry for the disturbance”, na yi daidai?

Malamin Turanci:
Za a gane ki, ba mai korar ki. Amma wanda ya tashi da harshen “sorry to disturb you” zai ce, ko “sorry to bother you”. Aikatau yake ɗauka a nan, don sunan ya yi wa leƙa ofis nauyi. Inda sunan ya dace shi ne kamar masu gini sun wuni suna buge-buge a jikin asibiti, sai a liƙa takarda ana ba majinyata haƙuri.

Ki lura kuma: idan aka sa mata “a” a gaba, ko aka yi jam'inta, to wani lamari ne da ya auku a wuri kaza lokaci kaza. “A disturbance outside the stadium”, an yi hatsaniya a ƙofar filin wasa ke nan. Idan babu “a”, yanayi ake nufi gaba ɗaya, kamar “work without disturbance”, aiki ba mai katse ka. Aikataun da ke rakiyarta “cause” ne ko “create”. Wajen furuci nauyin a gaɓa ta biyu yake. Wajen rubutu kuma ƙarshenta “ance” ne, ba “ence” ba, duk da 'yar uwarta “turbulence” da “ence” ta ƙare. A nan ɗalibai suka fi zubar da maki.

Anti Nas:
Bari in shigo da ta wajenmu. A asibiti kalmar nan kullum tana cikin fayil. “Sleep disturbance” shi ne barci ya ƙi zuwa, ko yana yankewa, ko mutum ya farka tun tsakar dare ya kasa komawa. “Visual disturbance” shi ne gani ya rikice, ana ganin abu biyu-biyu ko walƙiya-walƙiya kamar yadda masu ciwon ɓarin kai ke gani kafin ya sauko. Akwai na bugun zuciya, akwai na gishirin jini. Likita yana son ta ne saboda tana cewa aikin gaɓar ya kauce daga yadda aka saba, ba tare da ta yanke hukuncin wace cuta ce ba. Alama ce, ba sunan ciwo ba.

Amma gargaɗi ga 'yan uwa. Mu kan ɗauki “zazzaɓi yana damuna” mu juye shi kai tsaye mu ce “fever is disturbing me”. A tsakaninmu ya wuce, kowa ya gane. Wanda ya fi haɗari shi ne ka so cewa wane yana cikin damuwa ka ce “he is disturbed” ka yi shiru. Bature zai iya ɗauka cewa taɓin hankali kake nufi. Idan damuwa ce kawai, ka ce “worried” ko “upset”, ko ka ƙarasa jimlar ka faɗi abin da ya dame shi, “disturbed by the news”.

Ɗan Auta:
To fa. Ashe duk wanda aka rubuta wa takardar neman hutu aka ce “he is very disturbed”, gidan mahaukata aka nema masa ba a sani ba.

Anti Nas:
Kai dai Auta ba ka rabo da tsokana. Kuma a daina cewa gidan mahaukata, asibitin ƙwaƙwalwa ne.

Tsohon Ɗan Jarida:
Na bar ku kuna ta nahawu. Yarinyar nan aikin jarida take karanta, don haka bari in gaya mata wadda ba a cika faɗa a aji ba. Wannan ita ce kalmar da hukuma ta fi ƙauna idan jini ya zuba kuma ba a so a ce jini ya zuba.

Ki duba sunayen rahotannin bincike na zamanin mulkin mallakar Ingila. A 1929 mata suka tashi a lardunan Kalaba da Owerri saboda jin za a ɗora musu haraji, aka buɗe musu wuta, mata wajen 50 suka mutu. Su mutanen wurin yaƙin mata suka kira abin. Kwamitin bincike kuwa aka ce ya je ya duba “disturbances”. A 1948 a Accra, tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu suka yi tattaki za su kai kokensu wurin gwamna, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu ranar 28 ga Fabrairu, gari ya rikice na kwanaki. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka buɗe hanyar 'yancin Ghana a 1957. Me rahoton kwamitin bincike na Watson ya kira shi? “Disturbances in the Gold Coast”. Kada a ce baƙar fata kaɗai aka yi wa. A 1969 rahoton Cameron kan Ailan ta Arewa da wannan kalma ya fito, kuma rikicin da ya somo a lokacin sai da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998.

Da Turawa suka tafi kuma, sun bar wa magadansu ita a aljihun tebur. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980, wanda ita hukumar da bakinta ta ce mutum fiye da 4,000 ne suka mutu, kotun binciken da Mai Shari'a Aniagolu ya jagoranta sunanta “Kano Disturbances Tribunal of Inquiry”. Mutum dubu huɗu fa, da kalmar da ake ba maƙwabci haƙuri idan rediyonka ya cika ƙara.

Ɗalibar Jarida:
Kai jama'a. Baba, wato sakaya zance ne kawai?

Barista:
Ranka ya daɗe, tarihin da ka kawo ba na ja da ko ɗaya. Inda nake ja shi ne a bar yarinya ta tafi da cewa duk inda ta ga kalmar nan munafunci ne. Kwamitin bincike ana kafa shi ne kafin a san mai laifi. Idan ka sa masa suna kwamitin binciken kisan kiyashi, ka riga ka yanke hukuncin da ka ce a je a binciko. Idan ka ce na binciken tarzoma, ka riga ka ɗora wa jama'a laifi, don “riot” a dokar ƙasashe da dama laifi ne mai sharuɗɗansa. A Ingila, alal misali, dokar 1986 ta ce sai mutum 12 ko fiye sun haɗu sun yi amfani da ƙarfi ko barazanarsa don manufa ɗaya. To mai rubuta takardar kafa kwamiti yana neman kalmar da ba ta nuna kowa da yatsa ba. Rashin nuna yatsan da Malam ya bayyana a sama, shi ne amfaninta a nan.

Tsohon Ɗan Jarida:
Barista, ashe ba ta nuna kowa ba? Ka sake duba bayanin Malam. Ya ce akwai abin da yake kwance, aka motsa shi. To wa ya ce a kwance yake? Matar da za a ƙirga awakinta a ɗora mata haraji, ita a wurinta ba kwance abin yake ba, tun ranar da aka fara ƙirgar aka dagula mata lissafi. Amma takarda ba za ta kira ƙirgar “disturbance” ba, sai ranar da matar ta fito titi. Kalmar daga kujerar mai mulki take kallon duniya. Zaman da yake kai shi ne zaman lafiya, duk wanda ya motsa shi ne mai dagulawa. Wannan nuna yatsa ne, cikin ladabi dai aka yi shi.

Barista:
Wannan magana tana da ƙarfi, na karɓi rabinta. Amma bari in nuna maka inda kalmar ke ɗaure hannun ita hukumar. Ƙarin yarjejeniya ta biyu ta dokokin Geneva, wadda aka yi a 1977 kan yaƙin cikin gida, tun a sashenta na farko ta ce ba ta shafi “internal disturbances and tensions” ba, kamar tarzoma da tashe-tashen hankula na nan da can, domin waɗannan ba yaƙi ba ne. Dokar Rum ta 1998 da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ita ma ta ɗauko wannan lafazi. Me hakan ke nufi? Idan yaƙi ne, doka ta yarda soja ya harbi mayaƙin ɗaya ɓangaren don kawai mayaƙi ne. Idan “disturbance” ne, ba wannan izini. Aikin 'yan sanda ne, dokar kare haƙƙin ɗan Adam ce ke aiki, kuma ba a harbi don kisa sai idan babu wata hanyar ceton rai. Saboda haka gwamnatin da ta ce abin da ke faruwa “disturbance” ne, sannan ta aika jirgin yaƙi, bakinta ya kama ta. Lauya mai wayo da wannan kalmar tata zai kai ta ƙara.

Tsohon Ɗan Jarida:
Idan an bar lauyan ya kai ƙarar ba. Ka manta dokar soja mai lamba 2 ta 1987? Sunanta “Civil Disturbances (Special Tribunal) Decree”. A ƙarƙashinta aka kafa kotun musamman da ta yanke wa Ken Saro-Wiwa da mutum takwas hukunci, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba 1995, ba damar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu. Nan ma hannun hukuma aka ɗaure?

Barista:
A'a, nan kam ba abin da zan kare. Sai dai laifin dokar ne da ta toshe ɗaukaka ƙara, ba na sunanta ba. Ko wane suna aka sa mata haka za ta yi.

Shugaban Zaure:
Manya, a yi a hankali. Tambayar harshe aka yi, kada mu zarce siyasa a watse. Masu kimiyya kuna ina? Na san ku ma kuna da ita.

Ɗalibin Kimiyya:
Muna nan ranka ya daɗe, muna sauraron manya ne. Mu tun a sakandare muka haɗu da ita, a ma'anar “wave”: an ce “disturbance” ce da ke ratsa wani abu tana ɗauke da ƙarfi daga wuri zuwa wuri, ba tare da shi abin ya bi ta ba. Sauti haka yake. Ka yi magana, iskar bakinka ta tura ta kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba, har kunnen mai ji. Iskar ba ta yi tafiya ba, motsin ne ya yi. A nan babu alheri babu sharri a kalmar.

Masu hasashen yanayi ma haka. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami tana kiran matakin farko “tropical disturbance”, wato tarin hadari ne da ya haɗu a kan teku ya riƙe kansa na sa'a 24 ko fiye. Idan ya fara juyawa ya zama “depression”. Iskarsa ta kai kilomita 63 a sa'a, ya zama “storm”, a raɗa masa suna. Ta kai 119, mahaukaciyar guguwa ke nan. Yawancinsu ba sa zuwa ko'ina, a teku suke watsewa. A arewacin Indiya da Pakistan kuma akwai “western disturbance”, iska mai ɗauke da danshi da ke tasowa daga wajen Bahar Rum tana kawo musu ruwa lokacin sanyi. Manoman alkama a can jiran ta suke yi.

Ɗan Auta:
Wato akwai inda ake addu'ar Allah ya kawo “disturbance”. Ni ma a kai ni can, an fi sanin darajata.

Injiniya:
Ni abin mamaki, maganar Baba Ɗan Jarida ita ce daidai da yadda muke koyar da ita, duk da shi siyasa yake nufi. A fannin na'urori masu daidaita kansu, kana da matakin da ka saita, sai kuma duk abin da ya zo daga waje ya ture na'urar daga wannan mataki, shi ne “disturbance”. Ka saita na'urar sanyaya ɗaki a digiri 22, wani ya buɗe ƙofa zafi ya shigo. Ka saita mota ta riƙe gudun kilomita 100, sai ga hawa. Aikin injiniya shi ne ya gina na'urar da za ta ji turin ta mayar da kanta. Amma ka lura, buɗe ƙofa ba laifi ba ne a karan kansa. Ya zama “disturbance” ne saboda wani ya zaɓi 22. Da 30 ya zaɓa, wataƙila buɗe ƙofar taimako ne. Ba ka iya amfani da kalmar sai ka fara faɗin wane mataki kake karewa.

Tsohon Ɗan Jarida:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. Barista, ka ji daga bakin masu lissafi.

Malamar Muhalli:
Baba, kada ka yi saurin murna, namu fannin zai ɗan rage maka. A ilimin muhalli “disturbance” shi ne gobarar daji, ambaliya, guguwar da ta kayar da itatuwa, aman wutar dutse, farin ɗango, ko mutum da gatarinsa. Da can ana ɗauka daji yana da wani cikakken zama da ya kamata ya tabbata a kai, waɗannan kuma ɓarna ce. Daga baya aka gane abin ba haka yake ba. A 1978 Joseph Connell, wanda ya daɗe yana nazarin dazuzzuka da murjanin teku a Ostareliya, ya kawo ra'ayin cewa nau'o'in halittu sun fi yawa a inda ake samun dagulewa matsakaiciya. Idan babu ita sam, 'yan nau'o'i masu ƙarfi su mamaye wurin su danne saura. Idan ta yi yawa, ba mai tsira sai 'yan kaɗan. Masana da yawa sun soki ra'ayin daga baya, sun ce ba ko'ina yake tabbata ba, amma ya sauya yadda ake kallon abin.

A 1988 gobara ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na gandun Yellowstone a Amurka, mutane suka ce gandun ya ƙare. Alhali akwai wani icen “pine” a wurin da wasu 'ya'yansa ke liƙe da ƙaro, ba sa buɗewa su zubar da iri sai zafin wuta ya narkar da ƙaron. Bayan 'yan shekaru ƙasa ta cika da sababbin tsirrai. To a nan ba wanda ya saita 22. Wutar tana cikin tsarin dajin, amma har yau da wannan kalma muke kiran ta, ba tare da muna zarginta ba. Kalma tana iya baro inda aka haife ta.

Barista:
Madalla da Malama. Ga kuma wata daga kotu da za ta amsa tambayar farko kai tsaye. A Kanada sashe na 175 na dokar laifuka ya haramta “causing a disturbance” a wurin jama'a, ta hanyar faɗa, ihu, zagi, maye, har da waƙa. A shari'ar Lohnes ta 1992, wani mutum ya tsaya a barandar gidansa yana ta zazzaga wa maƙwabcinsa ashar. Kotun ƙoli ta ce ɓacin ran maƙwabcin kaɗai bai isa ba, sai an nuna cewa abin ya fito fili ya hana mutane harkokinsu yadda suka saba a wurin. Aka wanke shi. Wato alƙalai sun zauna sun raba abin da Hajiya ta raba: damuwar ƙirji daban, hargitsin fili daban.

Ɗan Auta:
Har da waƙa? To an gama da masu rera waƙa a banɗaki.

Barista:
Wurin jama'a aka ce, Auta. Banɗakinka naka ne.

Ɗalibar Jarida:
Na gode ƙwarai. Amma ga inda gizo ke saƙar. Idan sanarwar 'yan sanda ta ce “there was a disturbance at the prison”, me zan rubuta da Hausa?

Hajiya Mai Fassara:
Mu Hausa ba mu da kalma guda mai faɗin nan, matakala gare mu. Hayaniya baki ne kawai. Hatsaniya an yi cacar baki har da 'yar ture-ture. Yamutsi taro ya cakuɗe, kowa na gudu. Hargitsi abu ya birkice ba mai jin wani. Tarzoma an fito da gayya ana fashe-fashe. Bore an ƙi bin umarnin na sama. Duk wadda kika ɗauka kin faɗi abin da Turancin bai faɗa ba, don haka kar ki zaɓa daga sanarwar kaɗai, ki nemi abin da ya faru. Idan ba ki samu ba kuma lokaci ya ƙure, ni hargitsi nake ɗauka, don ita ce ta fi kusa da rashin faɗin girma da rashin faɗin mai laifi. Kuma ki jingina ta ga mai ita: 'yan sanda sun ce an samu hargitsi a gidan yarin. Abin da nake roƙonki, ki guji “ɗan”. Da kin rubuta an ɗan samu hatsaniya, kin taya su rage abin fiye da yadda su ma suka rage.

Tsohon Ɗan Jarida:
Jinginawar na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma Hajiya, wannan a cikin labari ne. A kanun labari ba na ba hukuma aron bakina. Idan fursunoni biyar sun mutu, kanuna fursunoni biyar sun mutu a gidan yari, sannan a sakin layi na biyu a ji me 'yan sanda suka kira abin. Gawa ana ƙirga ta, ba ta bukatar fassara.

Hajiya Mai Fassara:
Wannan aikin edita ne Alhaji, ni mai fassara ce. Idan aka ba ni sanarwa in juya, amanar mai magana ce a hannuna, ko da na san yana kwana-kwana. Idan na gyara masa magana, mai karatu ba zai taɓa sanin ya yi kwana-kwanar ba.

Tsohon Ɗan Jarida:
To ai hargitsin naki ma ya fi nasu zafi. Bahaushe ya ji hargitsi ya san abu ya ɓaci. Bature ya ji “disturbance” zai iya ɗauka maye ne ya sa mutum biyu ihu.

Hajiya Mai Fassara:
Gaskiya ne, ya ɗan fi. Ka kawo wadda ta fi ta kusa in karɓa.

Malamin Turanci:
Kafin Alhaji ya nemo, 'yata ga wasu uku da ake rikita su da ita a jarrabawa. “Disruption” tsaiko ne ga abin da ke tafiya, kamar yajin aiki ya hana jirage tashi. Ana iya samun sa ba ko hayaniya. “Distraction” abin da ya ɗauke miki hankali ne daga aiki, ko da mai daɗi ne. “Interruption” katsewa ce ta ɗan lokaci, a ci gaba daga inda aka tsaya. Waya ta yi ƙara a ɗakin jarrabawa, ga masu rubutu “distraction” ce. Mai sa ido ya tsayar da kowa minti biyu, “interruption”. Aka ɗage jarrabawar gaba ɗaya, “disruption”. Mai wayar ya ƙi miƙa ta har aka yi cacar baki aka kira masu gadi, to nan ne za a rubuta a rahoto cewa “he caused a disturbance”.

Tsohon Ɗan Jarida:
Hajiya, na nemo. Ki ce an samu rashin jituwa.

Hajiya Mai Fassara:
Haba Alhaji, rashin jituwa ai tsakanin mata da miji ne ko 'yan jam'iyya ɗaya. Ba a kiran motar kwana-kwana saboda rashin jituwa. Ina nan a kan hargitsi sai ka kawo wata.